Baƙar mota ta cika da zanen saƙar gizo a jikin fenti, wa ya san maganinsa?

Abban Hafsa, Sabon Gari

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanku da warhaka. Dan Allah masu ilimin mota ku taimaka mini da shawara. Ina da Corolla baƙa irin waɗanda ake hawowa da su daga Kwatano, lokacin da ta zo hannuna fentinta ba laifi ko kaɗan, in aka wanke ta har fuskarka kake gani a ƙofa. To yanzu abin da ke damuna, in tana inuwa ko da magariba lafiya lau take, baƙa wuluk, amma da rana ta take ka tsaya gaban kapo sai ka ga wasu siraran zane-zane sun yi zobe sun kewaye hasken ranar kamar saƙar gizo-gizo, ko'ina a jiki, kapo da rufi da murfin kofur sun fi muni. Baƙin ma ya fara komawa toka-toka. In ka shafa da hannu ba ka jin komai, sumul, ido ne kawai ke gani.

Yadda ake kula da ita, kullum da safe yaron gida yana kaɗe mata ƙura da tsumma kafin in fita, kun dai san ƙurar Damagaram balle yanzu da hunturu ya shigo, ranar Juma'a kuma in kai ta wajen masu wanki su wanke da omo da soso. Ba ta taɓa hatsari a hannuna ba.

Shawarwari kam na sha su. Wani ya ce man goge baki, wani ya ce in zuba gazuwal kaɗan a ruwan wanki, wani ma cewa ya yi man birki. Akwai kuma wani yaro da ya ce in kawo ya sa mata inji yanzu-yanzu ta koma sabuwa, amma da na ga injin sai gabana ya faɗi don irin na masu walda ne. Tambayata, wannan zanen yana fita da gaske ko sai an sake fenti? In yana fita da me ake fitarwa, kuma wane irin ma'aikaci zan ba? Motar nan ina ji da ita, ba na son a ɓata mini. Allah ya saka da alheri.

Direban Tanut

Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya baƙar mota a ƙasar nan sai haƙuri, shi ya sa ka ga yawancinmu masu bin hanya fara ko ruwan azurfa muke nema, su ma zanen yana nan a jikinsu ba ya dai nunawa ne. Ni shawarata kar ka wahalar da kanka da inji, ka nemi wakis na gwangwani irin su Turtle Wax wajen masu kayan mota, a wanke ta tas a shafa a bari ya ɗan sha iska a goge, za ka ga ta yi baƙi ta yi sheƙi zanen ya ragu sosai, in ya dawo ka sake. Gazuwal ɗin masu manyan motoci suna yi kuma yana sa sheƙi, amma ƙura yake kamawa, kafin ka kai Bakin Birji ta koma ja. Man birki kam kar ka kuskura.

Mai Fenti na Zango

Salamu alaikum. Alhaji Abban Hafsa wannan sana'ata ce, bari in yi maka bayani ko da zai yi tsawo, don irin motarka yawanci sai an gama ɓata su ake kawo mana, lokacin ba abin da ya rage sai feshi, kuma wallahi abin yana yi mini ciwo don fentin kamfani in ya tafi ba mai mayar maka da irinsa, ni da nake fesawa nake gaya maka.

Man birki dai ko ɗigo kar ya taɓa jikinta, cin fenti yake, in ya jima a wuri sai fentin ya kumbura ya saɓule. Man goge baki yana da ɗan kaifi, ana rage dushewar fitila da shi, amma ba aikin jikin mota ba ne.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai na hana tsatsa da na share fage mai ruwan toka, sai launin kansa wato baƙin, sai a saman duka a fesa barni, shi ba shi da launi garau yake, shi ke ba da sheƙi kuma shi ke tare wa launin zafin rana. Wannan zanen da kake gani duk a cikin barni yake, bai kai ga baƙin ba, shi ya sa hannunka ba ya ji. Kuma a zahiri ba zobe ba ne, ƙananan karce ne dubbai sun bi ta kowace fuska, sai dai in haske ya faɗo waɗanda suka gitta masa ne kawai ke walƙiya sai ido ya haɗa su ya ga zobe. Ka gwada matsawa gefe za ka ga zoben yana bin ranar duk inda ta koma a kan kapo. A farar mota walƙiyar karcen tana ɓacewa cikin farin, a baƙa kuwa ba ta da wurin ɓuya.

Abin da ya jawo shi kuma ka riga ka faɗa da bakinka, tsumman safe ne. Ƙurar nan da ke sauka kan mota akwai niƙaƙƙen yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi gilashin taga ma tauri balle barni, to duk sanda yaro ya ɗora busasshen tsumma ya ja, yashin nan yake ja a kan barni, kullum kullum. Sosan da aka wanke taya da shi aka dawo kan kapo shi ma haka.

Kafin ka kashe ko dala ka yi gwaji biyu. Na ɗaya farce, ka nemi karcen da ya fi fitowa ka gitta shi da farcenka a hankali, in farcen ya wuce bai maƙale ba wannan zai fita, in ya maƙale ko ka hango fari ko toka a gindinsa to ya huda barni, inji ba zai fitar da shi ba sai dai ya rage masa kaifi, kar ka bari kowa ya ce zai bi shi har ƙasa. Na biyu, ka ɗan ɗiga folish a farin ƙyalle ka goga a wani lungu da ba a gani, in ƙyallen ya fito da baƙi to fentin ba shi da barni, ko tsohon yayi ne ko an taɓa sake fesa wurin da fenti mai hawa ɗaya, wannan aikinsa daban ne kuma ya fi son lallaɓawa.

Yanzu ga maganar da nake so ta zauna maka. Fitar da karce ba cike shi ake ba, kewayensa ake ci har ya sauko daidai da gindin karcen sai wurin ya baje haske ya daina tarwatsewa. Kenan duk gogewa barninka ake ragewa, kuma ba ya tsirowa. Abin da Malam Direba ya faɗa na wakis gaskiya ne yana sa kyau, amma cike ramukan yake da maiƙo ya ɓoye su, a zafin bazara da wankin omo ba ya daɗewa sai ka ga zanen ya dawo yadda yake. Ba laifi ba ne in ka san abin da ka saya kenan. Laifin shi ne wanda zai karɓi kuɗin gyara ya shafa maka wakis ya ce ya fitar.

Maganar inji, gabanka bai faɗi a banza ba. Injin yankan ƙarfe na masu walda yana juyawa sama da sau 10,000 a minti, injin folish na gaskiya kuwa daga wajen 600 zuwa 3,000 yake kuma yana da wurin rage gudu, mu da wuya mu wuce 1,500 a kan barni. In aka ɗaura soso a bakin na walda aka ɗora a kan baƙar mota, zafi ne zai taru nan take, barni ya ƙone, gefen kapo da ƙashin ƙofa inda fenti ya fi siranta sai ka ga toka ta leƙo. Ko injin folish ɗin ma iri biyu ne. Akwai mai juyi zalla, shi muka fi da shi a garaji, yana da sauri amma in aka sa masa gashin tumaki da man gogewa mai kaifi da ake kira G3 aka tsaya nan sai ya bar wani sabon zane mai kaɗawa a rana wanda ya fi na farko muni a baƙar mota, dole a bi bayansa da soso mai laushi da folish mai laushi. Akwai kuma mai juyi yana karkarwa lokaci guda, ana ce masa DA, shi ba ya tara zafi wuri ɗaya, ko ɗan koyo zai iya riƙe shi, sai dai samunsa nan garin ba kullum ba, yawanci sai an yi saƙo Kano ko Yamai.

Duk wanda za ka ba ka ce ya yi maka gwaji a wuri ɗaya tukuna. A wanke motar ta bushe, a shigar da ita inuwa jikinta ya huce har in ka ɗora bayan hannu ba ka jin ɗumi, a manna sikoc a raba murfin kofur biyu, a goge ɓangare ɗaya da mafi laushin man gogewa da mafi laushin soso, a ɓare sikoc a fito da ita rana ka duba da idonka. In mai laushin ya isa shi kenan ba ruwanka da mai kaifi. In bai isa ba sai a hau mataki ɗaya. Wanda ya ƙi yi maka wannan gwajin ka ɗauki motarka ka tafi.

Abban Hafsa, Sabon Gari

Kai Malam Mai Fenti Allah ya biya ka, Allah ya yi wa sana'a albarka. Tun jiya na hana yaron taɓa ta da tsumma. Na yi gwajin farce, kusan duka ba ya maƙalewa sai guda biyu a ƙofar baya. Ƙyallen ma bai fito da baƙi ba a kofur, amma ita wannan ƙofar ta baya ta hannun dama na lura baƙinta ya ɗan bambanta da sauran kuma fatarta ba ta kai sauran santsi ba. Sannan in ban samu mai DA ɗin ba, da hannu ana iya yi? Ina da lokaci ranar Lahadi.

Ɗan Garin Malam

Yaya Abban Hafsa ana iya yi da hannu, ni da hannu na yi tawa, baƙar Pijo 307 ce, amma ka shirya wa aikin don ba na yini ɗaya ba ne, kuma kar ka sa ran zai fita duka, in ka samu mafi yawa ya tafi ka gode Allah, a ido daga nesa kaɗan za ta yi kyau sosai.

Bari in ƙara lissafi a kan abin da Baba Mai Fenti ya faɗa don a ga dalilin tsoronsa. Duk fentin kamfani daga ƙarfe har sama yawanci tsakanin mikron 100 ne zuwa 150, wato kusan kaurin takardar A4 guda ɗaya ko ya ɗara kaɗan, barni kuma a ciki bai wuce mikron 40 zuwa 50 ba. Gogewa ɗaya da inji da mai mai kaifi tana iya cin mikron 3 zuwa 5. Masu sana'ar suna cewa kar a ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na barni a duk rayuwar motar don abin da ke tare hasken rana a cikinsa yake, in ya yi siriri ranarmu ta Afirilu da Mayu mai wuce digiri 40 za ta ƙarasa shi. Kuma ka tuna motar nan ta yi rayuwa a Turai ko Amurka kafin ta zo, ba mamaki an goge ta kafin a sayar maka don ta yi kyau a ido, kenan ba cikakken barni ka tarar ba.

Yadda na yi. Bayan wanki na sa hannu cikin siririyar leda na shafa kapo, ledar tana sa ka ji ƙurajen da hannu zalla ba ya ji, in ka ji gurzo-gurzo to akwai datti da ya manne wanda wanki ba ya fitarwa, in ka hau goga a kansa sabon karce za ka yi. Akwai wata laka ta musamman da ake sayarwa don wannan, ana fesa ruwan sabulu a zazzame ta a kai a hankali, in ta faɗi ƙasa a yar da ita kawai. Ɗigon kwalta da ke bayan taya kuma ɗan kananzir a ƙyalle yana narkar da shi sai a wanke wurin nan take.

Man gogewa kuma na yi amfani da Ultimate Compound na Meguiar's don an yi shi yadda hannu ma zai iya, akwai na 3M da Sonax su ma, ka dai karanta jikin kwalbar ka tabbata na barni ne. Ka manne robobin gefe da sikoc don in man ya shiga baƙar roba fari take yi ya ƙi fita. Ka ɗiga kaɗan kamar ƙwayar wake uku a ƙaramin soso mai laushi, ka ɗauki wuri kamar kamu biyu a kamu biyu, kar ka ce za ka yi kapo gaba ɗaya, ka goga da ɗan nauyin hannu gaba da baya sannan ka gitta har man ya fara zama garau, ka share da tawul na mikrofibir mai tsabta tun bai bushe ba. A hunturu man yana saurin bushewa, in ya fara gari a ƙarƙashin soso ka tsaya ka share ka ɗiga sabo. Sassafe ya fi, kuma ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin don kar iska ta ɗebo yashi ta zuba maka ana tsakiyar aiki, ƙwaya ɗaya ta shiga soso ta isa ta ɓata ƙofa.

Abin da mutane ba sa yi shi ne dubawa ta gaskiya. Shi man gogewar kansa yana da maiƙo mai ɓoye karce, sai ka zaci ya fita. Ka samu alkol na farmasi marar launi, kashi ɗaya alkol kashi uku ruwa, ka ɗan fesa a ƙyalle ka share wurin, sannan a cikin duhu ka haska da fitilar waya ka kalli kewayen hasken. Abin da ka gani a nan shi ne gaskiyar fentinka. Wannan dabarar ita za ka yi wa mai inji ma kafin ka biya shi. In ka gamsu sai ka bi da folish mai laushi don baƙin ya yi zurfi, sannan wakis a ƙarshe, a nan wakis yake da amfani, kariya ce a kan aikin da aka gama.

Mai Wankin Mota

Salam. Na ga ana ta ambaton masu wanki to bari mu ma mu ce wani abu. Alhaji zai zo da baƙar mota da tsakar rana jikinta kamar wuta, ƙura ta yi mata kauri, ya ce sauri nake minti goma, ga kuɗin ruwa kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan musamman da bazara, bido nawa za ka saya wajen ƴan garuwa a kan kuɗin wanki ɗaya? Shi ya sa yara ke tsoma soso a bokiti ɗaya su gama mota da shi. Ba daidai ba ne amma dalilin kenan. In kana son wankin baƙar mota na gaskiya ka zo da safe ko bayan la'asar, ka zo da kayanka, ka ƙara ɗan abin ruwa, ka ga ko ba za a yi maka yadda kake so ba.

Kuma ba sai ruwa mai yawa ba in an san yadda ake yi. Ni famfon feshi na saya irin na manoma mai goyo, sabo fil wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ba, lita 16 yake ci, da shi nake fara jiƙa motar daga rufi zuwa ƙasa ba tare da hannu ya taɓa ta ba, sai ka ga jan ruwa yana gangarowa, wannan yashin da ya sauka da kansa shi ne wanda da zai karce fenti. A gida ko gorar ruwa ka huda murfinta da ƙusa za ta yi maka.

Sai bokiti biyu, ɗaya ruwan sabulu ɗaya ruwan ɗauraya zalla. Ka tsoma a sabulu ka wanke rufi, kafin ka koma sabulu ka ɗauraye a ɗayan ka matse, haka har ka gama, in ka leƙa gindin bokitin ɗaurayar za ka ga yashi ya kwanta. Daga sama ake farawa, ƙasan ƙofofi da bayan mota su ne ƙarshe don nan datti ya fi, taya kuma sosanta daban bokitinta daban har abada. Soso mai fuska a shafe yana danne yashi a kan fenti, tawul mai gashi-gashi ya fi don yashin yana shigewa cikin gashin. Ba a dannawa, nauyin hannu kawai.

Omo kuma ku bar shi wa tufafi. Yana wanke wakis ɗin da kuka sha wahalar shafawa, garinsa da bai narke ba yana karce, kuma yana sa robobi su yi fari. Sabulun mota na ruwa murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti.

Wajen tsanewa ma ana ɓarna, tsohuwar riga ko buhu ko rawanin da ya tsufa duk ba su yi ba. Ka shimfiɗa babban mikrofibir a kan kapo ka ɗan danna ya tsotse ka ɗaga. Kar a bar ruwa ya bushe da kansa a rana, ruwan rijiya da na foraj yana barin farin tabo a baƙar mota, in rana ta gasa shi har cikin barni yake shiga. Tawul ɗin a wanke shi daban a adana a leda, wanda ya faɗi ƙasa ya gama aiki ranar.

Ranar da ba wanki kuma ka bar ta da ƙurarta Alhaji, ka share gilashi kawai ka tafi. Ƙurar da ke zaune ba ta karce komai.

Maman Sultana

Sannunku da ƙoƙari, na ƙaru sosai. Tawa shuɗiya ce mai duhu kuma ita ma tana da wannan zanen, amma ni rigar mota nake rufa mata kullum don ba mu da rumfa a gida, duk da haka gefen rufi da kusurwoyin kapo sun dushe sun fi ko'ina. Ko rigar ce? Sannan wani ɗana da ke Yamai ya ce akwai wani ruwa da ake shafawa wai seramik, in an sa shi mota ba ta ƙara karcewa, ya ce zai aiko mini. Malam Mai Fenti gaskiya ne?

Mai Fenti na Zango

Hajiya ina wuni. Rigar ce. In aka rufa ta a kan mota mai ƙura, ko cikin rigar kansa ya ɗauki yashi, iskar dare tana kaɗa ta tana gurzawa a kusurwoyi har gari ya waye. Riga sai a kan motar da aka wanke yanzu, mai laushin ciki, a ɗaure ta tam kar ta yi ta faɗi-tashi. In ba za a iya haka kullum ba gara rumfar zana ko ta kwano. Gindin dogon yaro akwai inuwa amma akwai kashin tsuntsu, shi kuma in ya bushe a kan fenti mai zafi yana cin barni, in kin gani ki jiƙa ƙyalle ki ɗora a kai ya yi laushi sannan ki ɗauke, kar a kankare.

Seramik yana da kyau, ya fi wakis daɗewa nesa ba kusa ba, ruwa da datti ba sa kama shi sosai kuma wanki yana sauƙi. Amma cewa mota ba ta ƙara karcewa wannan zancen masu talla ne, kaurinsa bai fi mikron ɗaya ko biyu ba, busasshen tsumma da yashi za su karce shi kamar yadda suke karce barni. Kuma ba ya fitar da zanen da ke akwai, rufe shi yake a ƙarƙashinsa, kenan sai an gyara fentin tukuna a shafa shi a wurin da ba ƙura, in aka bar shi ya bushe ba a baje ba yana barin tabo mai duhu wanda sai inji ke fitarwa. In ya aiko ki ajiye har a goge motar.

Alhaji Abban Hafsa, waccan ƙofar taka an taɓa fesa ta, kusan tabbas tun kafin ta zo hannunka. Ka buɗe ta ka duba bakin robar gilashi da cikin ƙashin ƙofar za ka iya ganin layin inda aka manna takarda. Ka samu ɗan maganaɗisu marar ƙarfi ka naɗe shi a ƙyalle ka bi ƙofar da shi, inda ya ƙi kamawa sosai akwai mastik a ƙasa, wato abin da ake cike lotsewa da shi kafin feshi. Ita ka yi mata nata gwajin daban, kar ka ɗauka abin da ya yi a kofur zai yi a kanta, fentin garaji wani ya fi na kamfani laushi wani ya fi tauri. Karce biyun da farce ke maƙalewa a cika su da ɗan fenti a bakin tsinke, a bar shi ya bushe sosai kafin a baje. In kuma ka yanke shawarar sake fesa ƙofar, sabon fenti ba a sa masa wakis sai ya yi aƙalla wata guda.

Ka hau kan wani abu ka duba rufin da kyau tunda ka ce ya fara toka. In dushewa ce kawai mai santsi zai dawo. In ka ga farin gajimare a cikin fentin ko gefensa yana ɓarewa, barnin wurin ya mutu, kar kowa ya sa masa inji ko hannu, wannan sai feshi.

Abban Hafsa, Sabon Gari

Na duba rufin Malam, santsi ne ba ɓarewa, alhamdu lillahi. Na ba wani direba saƙon mai da tawul daga Kano. Malam Mai Wanki kafin sabulun mota ya iso, na wanke kwanoni zai yi?

Mai Wankin Mota

Na kwanoni yana cire maiƙo da wakis duka, wankin da za ka yi daf da gogewa zai yi maka amfani ma don fentin ya fito tsirara. Amma bayan ka shafa wakis kar ka sake kusantarta da shi. In ka matsu kafin saƙon ya zo ka sa shamfu na jarirai kaɗan a bokiti, ka ɗauraye sosai.